FASHIN BAƘI: Ahmed Musa, Kano Pillars da nauyin riƙe kulob ɗin gwamnati

A watan Yulin 2025 Gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sanar da sabuwar hukumar gudanarwar Kano Pillars, kuma sunan da ya fi ɗaukar hankali a jerin shi ne na Ahmed Musa, kyaftin ɗin Super Eagles a lokacin, wanda aka naɗa Babban Manajan kulob ɗin. Naɗin ya zo da wani abu da ba a saba gani ba: mutumin da aka bai wa kujerar bai jingine takalmansa ba. Yana nan cikin 'yan wasan da ke shiga fili, ga shi kuma a ofishin da ke kula da kwantiraginsu.

Wata uku bayan haka, ranar 12 ga Oktoba, 2025, Pillars ta karɓi baƙuncin Shooting Stars ta Ibadan a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Baƙin sun farke ƙwallo ana dab da tashi, aka tashi ɗaya da ɗaya, sai wasu magoya baya suka kutsa cikin fili suka far wa alƙalan wasa da 'yan wasan Ibadan. Hukumar gasar Firimiyar Najeriya ta ci Pillars tarar naira miliyan 9.5, ta zabge mata maki uku da ƙwallo uku, ta kuma mayar da wasanninta na gida filin Muhammadu Dikko da ke Katsina. Sabon Babban Manaja ne ya fito ya bai wa jama'a haƙuri.

Wannan rana ta nuna bambancin aikin da Musa ya saba da wanda ya karɓa. A fili, gudunsa da ƙafarsa ta dama kan raba gardama. A ofis kuwa, ana tambayarsa kan ƙofar shiga, da jami'an tsaro, da albashi, da motar tafiya, alhali asusun da ake yin waɗannan abubuwa da shi yana hannun wani daban.

Daga Jos zuwa Mosko

An haifi Ahmed Musa a Jos ranar 14 ga Oktoba, 1992. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa ce ta raine shi. Ya fara koyon ƙwallo a makarantar horar da yara ta GBS da ke Jos, wadda ta ba da shi aro ga JUTH, kulob ɗin asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, daga nan kuma aka ba da shi aro ga Kano Pillars.

A Kano ne sunansa ya fito. A kakar 2009/2010 ya zura ƙwallo 18 a gasar, ya karya tarihin ƙwallo 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990, alhali bai cika shekara 18 da haihuwa ba. Kulob ɗin VVV-Venlo na ƙasar Holan ya saye shi, amma sai da ya jira ranar haihuwarsa ta zagayo a watan Oktoban 2010 kafin ya fara buga masa wasa, domin dokar FIFA ta hana fitar da yaro ƙasar waje kafin ya cika 18.

A Janairun 2012 ya koma CSKA Mosko ta Rasha, inda ya yi shekarun da suka fi kowaɗanne albarka a rayuwarsa ta kulob. Ya ɗauki kofin gasar Rasha sau uku, a 2013 da 2014 da 2016. A Yulin 2016 Leicester City, wadda a lokacin take ɗauke da kofin Firimiyar Ingila, ta saye shi a kan kimanin fam miliyan 16, kuɗin da a lokacin ya kafa tarihi a cinikin 'yan wasan kulob ɗin. Ingila ba ta karɓe shi ba. Ƙwallo biyu kacal ya ci a gasar Firimiya, kocin da ya kawo shi, Claudio Ranieri, aka sallame shi a Fabrairun 2017, shi kuma Musa ya koma zaman benci har aka mayar da shi CSKA aro a farkon 2018. Bayan nan ya tafi Al-Nassr ta Saudiyya, ya ɗauki kofin gasar ƙasar a 2019, suka rabu a Oktoban 2020.

A rigar Najeriya kuwa, tarihinsa ba ya buƙatar doguwar gabatarwa. Yana cikin tawagar marigayi Stephen Keshi da ta ɗauki Kofin Afirka a 2013, inda ya ci ƙwallo a wasan kusa da na ƙarshe da Mali. Ya zura wa Ajantina biyu a Kofin Duniya na 2014 a Burazil, ya sake zura wa Iceland biyu a na 2018 a Rasha, abin da ya sa ya zama ɗan Najeriyar da ya fi kowa cin ƙwallo a Kofin Duniya. A 2021 ya wuce Vincent Enyeama da Joseph Yobo a yawan buga wa ƙasa wasa. A Kofin Afirka da aka yi a Kodebuwa a farkon 2024, shi ne kyaftin, amma bai taka fili ko minti ɗaya ba har Najeriya ta kai wasan ƙarshe, kuma ba a ji ya ta da jijiyar wuya ba. A Disambar 2025 ya sanar da yin ritaya daga buga wa ƙasa, bayan wasa 111.

Sau biyu ya dawo Pillars. Na farko a Afrilun 2021, na ɗan taƙaitaccen lokaci, kafin ya wuce Turkiyya ya buga wa Fatih Karagümrük da Sivasspor. Na biyu a Oktoban 2024, inda ya ci ƙwallo biyu a wasansa na farko da Sunshine Stars. Ya kuma zuba jari a Kano: ya buɗe cibiyar wasanni da motsa jiki, ya kuma gina gidan mai.

Abin da ya shafi sabon aikinsa a cikin wannan tarihi shi ne abin da idonsa ya gani. Ya zauna a ƙasashe biyar na waje, ya ga ƙaramin kulob irin VVV da ke rayuwa da sayen yara da araha ya sayar da tsada, ya ga babba irin CSKA mai zuwa Gasar Zakarun Turai, ya kuma ɗanɗana yadda kulob ke kashe maƙudan kuɗi a kan ɗan wasa sannan ya rasa inda zai sa shi. Kaɗan ne daga cikin masu riƙe da kulob a Najeriya suka taɓa ganin waɗannan abubuwa daga ciki.

Gidan da ya tarar

An kafa Kano Pillars a 1990. Ta ɗauki kofin gasar Najeriya sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kuma ɗauki kofin ƙalubale na Aiteo a 2019. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga Gasar Zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. Ta shafe kimanin shekara 12 ba a doke ta a gida ba a gasar, har sai da Nasarawa United ta karya wannan lago a 2015. Kirarin "Sai Masu Gida" ya samo ƙarfinsa ne daga waɗannan shekaru, kuma har yau kulob kaɗan ne a ƙasar nan ke cika fili kamar Pillars.

Amma gidan ya daɗe da tsagewa kafin Musa ya karɓi makulli. A Afrilun 2022, a wasa da Katsina United a Kano, magoya baya sun farfasa motar baƙi, aka ci tarar kulob ɗin, aka zabge masa maki, aka kuma kore shi daga gida. Bayan wata biyu aka tuɓe shugaban kulob ɗin na lokacin, Surajo Yahaya Jambul, sakamakon takaddama da mataimakin alƙalin wasa a karawar da aka yi da Dakkada. A ƙarshen kakar Pillars ta faɗa ajin 'yan dagaji tare da Katsina United da Heartland da MFM. Pillars da Katsina United sun dawo tare a 2023.

Daga 2022 zuwa 2024 kujerar shugaban Pillars ta ratsa hannun mutum huɗu: Jambul, sai Ibrahim Galadima, tsohon shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, sai Babangida Little bayan canjin gwamnati a 2023, sai Ali Nayara. Kowanensu gwamna ne ya naɗa shi, kuma gwamna ne ke da ikon sauke shi. A nan ne tushen matsalar yake.

Mafi yawan kulob 20 da suka buga gasar Firimiyar Najeriya a kakar 2025/2026 mallakar gwamnatocin jihohi ne: Rangers ta Enugu, Enyimba ta Abiya, El-Kanemi Warriors ta Borno, Wikki Tourists ta Bauchi, Plateau United, Rivers United, Katsina United da sauransu. Kuɗinsu yana fitowa ne daga baitulmali, ta hannun ma'aikatar wasanni ko gidan gwamnati. Idan fayil ya maƙale a ofis, albashin 'yan wasa ya maƙale. Idan zaɓe ya ƙarato, kuɗi na iya ambaliya, domin filin wasa cike da matasa wuri ne da ɗan siyasa ba ya so a yi masa ihu. Idan gwamnati ta sauya, sai a rushe hukuma a kafa sabuwa, duk wani shiri na shekara biyar ya bi ruwa. Hausawa sun ce mai abu shi ke da iko da abinsa. Manajan kulob ɗin gwamnati kuwa ɗan riƙo ne, komai girman sunansa.

Mene ne aikin Babban Manaja?

Mutane da yawa kan haɗa wannan muƙami da na koci, musamman da yake a Ingila ana kiran koci da sunan manaja. Aikin ba ɗaya ba ne. Koci shi ke horarwa, ya zaɓi waɗanda za su buga, ya tsara salon wasa. Shugaban hukuma shi ke jagorantar masu tsara manufa, shi ne kuma mahaɗa da mai kulob. Babban Manaja yana tsakiya, yana tafiyar da harkokin yau da kullum. Aikinsa ya ƙunshi aƙalla abubuwa biyar.

Na farko shi ne kwantiragi da albashi. Dokar FIFA ta bai wa ɗan wasa damar raba gari da kulob idan aka riƙe masa albashin wata biyu, bayan ya ba da wa'adin kwana 15 a rubuce. Kulob ɗin da ya ƙi biyan bashin da aka yanke masa hukunci a kai yana iya fuskantar haramcin rajistar sababbin 'yan wasa. Manajan da bai san waɗannan ƙa'idoji ba zai wayi gari gwarzon ɗan wasansa ya tafi kyauta.

Na biyu shi ne lasisi. Hukumar ƙwallon Afirka tana duba abubuwa biyar kafin ta amince kulob ya shiga gasarta: tsarin wasa da horar da yara, fili da kayan aiki, ma'aikata, matsayin kulob a shari'a, da lissafin kuɗi. Duk aikin takarda ne, ba a yinsa da ƙafa.

Na uku shi ne ranar wasa. Tikiti nawa aka buga, mutum nawa fili ke ɗauka, wa ke tsare ƙofa, ina aka zaunar da baƙi, ta ina alƙalan wasa za su fita idan rai ya ɓaci. A ƙa'idar gasar, mai masaukin baƙi ne ke da alhakin tsaro, shi ya sa hukuncin watan Oktoba ya faɗa kan kulob ɗin gaba ɗaya. Illar hukuncin ta wuce naira miliyan 9.5. Kowane wasan gida da aka buga a Katsina yana nufin kuɗin mota da masauki, da asarar kuɗin ƙofa, da asarar cinikin masu sayar da ruwa da riguna da 'yan adaidaita sahu da ke cin abinci a kewayen Ƙofar Mata.

Na huɗu shi ne tafiye-tafiye. Kulob ɗin Kano yana zuwa Fatakwal da Aba da Ikenne, galibi ta mota. A Maris ɗin 2015 'yan bindiga sun buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lakwaja, tana kan hanyar zuwa Owerri, suka jikkata 'yan wasa biyar. Shawarar a tashi da asuba ko a kwana a hanya, a hau jirgi ko a bi titi, magana ce ta rai da lafiya, kuma a teburin manaja take.

Na biyar shi ne neman kuɗin shiga. Kyautar da aka bai wa zakaran gasar 2024/2025 naira miliyan 200 ce, kuma kulob ɗaya ne ke samun ta cikin 20. Sauran hanyoyin su ne kuɗin ƙofa, tallar kamfanoni a riga, sayar da riguna, da sayar da 'yan wasa. A nan ne sunan Ahmed Musa ya fi amfani, domin kamfanin da ba zai saurari jami'in ma'aikata ba zai ɗaga wayar mutumin da ya ci Ajantina biyu. Sai dai kamfani yana zuba kuɗi ne inda ya tabbata za a nuna masa lissafi, kuma ba za a haska tambarinsa a bidiyon da ake jifan alƙalin wasa ba.

Riga biyu a jiki ɗaya

Akwai tambayar da masu sharhi suka yi tun ranar naɗin, kuma tana nan daram. A fili, Musa yana ƙarƙashin koci. A ofis, yana cikin waɗanda ke da baki a makomar kocin. Wane koci ne zai iya ajiye shi a benci cikin kwanciyar hankali? Idan 'yan wasa suna bin bashin alawus, a wane ɓangare zai tsaya, na masu bin bashi ko na masu biya? Idan za a sabunta kwantiragin wanda ke buga gurbi ɗaya da shi, wa zai yanke hukunci?

Duniyar ƙwallo ta san ɗan wasa kuma koci. Kenny Dalglish ya yi haka a Liverpool har ya ɗauki kofuna biyu a 1986, Ruud Gullit da Gianluca Vialli sun yi a Chelsea. Ɗan wasa kuma shugaban ofis shi ne abin da ba a cika gani ba, saboda ayyukan biyu suna cin karo a lokaci da kuma a maslaha. Ranar da tawaga ke kan hanyar Aba, ofis yana Kano. Ranar da manaja ya kamata ya zagaya ƙofofi kafin a fara wasa, ɗan wasa yana ɗakin sauya kaya yana ɗaure takalmi.

Masu goyon bayan tsarin suna da hujjarsu: shigarsa fili tana jawo 'yan kallo, ba a Kano kaɗai ba har a garuruwan da Pillars ke baƙunta, kuma manajan da ke kwana a masauki ɗaya da 'yan wasa ba za a ɓoye masa halin da suke ciki ba. Gaskiya ne. Amma maganin cin karon maslaha ba kyakkyawar niyya ba ce, rubutacciyar ƙa'ida ce: a fayyace waɗanne hukunce-hukunce ne zai janye hannunsa daga cikinsu muddin yana buga wasa, kuma wa zai yanke su a madadinsa.

Waɗanda suka riga shi bin wannan hanya

A Jamus, Uli Hoeness ya zama manajan Bayern Munich a 1979 yana da shekara 27, bayan ciwon gwiwa ya raba shi da fili. Ya shafe shekara 30 a kujerar, kuma a hannunsa kulob ɗin ya zama hamshaƙin da aka sani a yau. A kulob ɗin dai, Oliver Kahn, mai tsaron ragar da duniya ta sani, ya zama shugaban gudanarwa a 2021, aka sallame shi a Mayun 2023, a ranar da Bayern ta ɗauki kofin gasar. Suna bai cece shi ba.

Edwin van der Sar ya bi tsani daki-daki. Da ya daina wasa a 2011 sai ya koma aji ya karanta harkar gudanar da wasanni a cibiyar Johan Cruyff, ya fara aiki a Ajax a sashen kasuwanci a 2012, sai a 2016 ya zama shugaban gudanarwa. Ɗan Najeriya Michael Emenalo, wanda ya buga Kofin Duniya na 1994, shi ma ta ƙasa ya faro a Chelsea, daga mai leƙen asirin abokan karawa zuwa mataimakin koci, kafin ya zama daraktan ƙwallo daga 2011 zuwa 2017. Daga baya ya riƙe irin wannan aiki a Monaco, sannan a 2023 gasar Saudiyya ta ɗauke shi. A Masar, Mahmoud El Khatib, gwarzon ɗan wasan Al Ahly, ya zama shugaban kulob ɗin a 2017 ta hanyar ƙuri'ar mambobi, bayan shekaru yana cikin hukumar gudanarwa.

A gida, Garba Lawal ya taɓa riƙe muƙamin Babban Manajan Kaduna United. Nwankwo Kanu kuma Gwamna Alex Otti ya naɗa shi shugaban Enyimba a 2023, ya gaji Felix Anyansi-Agwu, wanda bai yi suna a matsayin ɗan wasa ba amma ya riƙe kulob ɗin fiye da shekara 20, ya kawo masa Kofin Zakarun Afirka a 2003 da 2004. A kaka biyun farko na Kanu, kofin gasar ya tafi Rangers ne sannan Remo Stars.

Remo Stars ta cancanci a tsaya a kanta. Ɗan kasuwa Kunle Soname ne ya mallake ta, tana da filinta a Ikenne da makarantar horar da yara ta Beyond Limits, kuma ta zo ta biyu a kakar 2023/2024 kafin ta ɗauki kofin a 2025. Ba wani gwamna da zai rushe hukumarta ranar da ya sha rantsuwa. Abin da ya haɗa Hoeness da Anyansi-Agwu da Soname shi ne daɗewa da ikon yanke hukunci. Abin da ya haɗa Van der Sar da Emenalo da El Khatib shi ne koyon aiki kafin hawa kujera. Musa ya hau tasa ba tare da ya bi tsanin ba, a kulob ɗin da shugabanninsa ba sa daɗewa. Wannan ba hukunci ba ne a kansa, bayanin girman tudun da ke gabansa ne.

Inda zancen ya shafi Batsari da Safana

Matashin da ke kallon ƙwallo a gidan kallo a Batsari ko Safana yana iya ganin wannan magana ce ta Kanawa. Ba haka ba ne. Katsina United ita ma ta gwamnati ce, da kuɗin jihar mai ƙananan hukumomi 34 ake tafiyar da ita, kuma kason mutumin Safana a cikin wannan kuɗi daidai yake da na mazaunin birnin Katsina. Ita ma a watan Nuwamban 2025 an ci ta tara, an ɗauke wasanninta daga gida, bayan hargitsin da ya faru a wasanta da Barau FC ta Kano. Cutar ɗaya ce, gidajen ne daban.

Waɗannan ƙananan hukumomi biyu suna bakin dajin Rugu, kuma shekarun hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka, sun rufe makarantu, sun hana noma a wurare da dama. Inda makaranta ta rufe, filinta ma ya rufe, gasar makarantu ta tsaya, mai neman yara masu hazaƙa kuma ba zai bi hanyar da yake tsoron bi ba. Ahmed Musa maraya ne da ya samu makarantar ƙwallo a garinsu, wadda ta miƙa shi ga JUTH, JUTH ta zama tsaninsa zuwa Pillars. Yaron da ke da irin ƙafarsa a yammacin Katsina, wace ƙofa zai ƙwanƙwasa?

A nan ne aikin ofis ke haɗuwa da rayuwar ƙauye. Dokar FIFA ta ce duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, za a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Ƙungiyar da ta riƙe yaro daga 12 zuwa 15 tana da kashi 1 cikin 100. Idan aka sayar da shi a kan yuro miliyan 10, rabonta yuro dubu 100 ne, kuma za ta sake samu duk lokacin da aka sake irin wannan ciniki. A cinikin fam miliyan 16 irin na Musa zuwa Leicester, kason da doka ta ware wa masu horarwa ya kai fam dubu 800. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman da ke karɓar waɗannan kuɗaɗe ya aika wa masu haƙƙi kai tsaye. Sharaɗin ɗaya ne: sai ƙungiya tana da rajista, sunan yaron kuma yana rubuce a ƙarƙashinta. Ƙungiyar unguwa da ba ta da takarda, ko ta raini gwarzon duniya, ba ta da ko sisi.

Kenan kulob ɗin jiha da ya san abin da yake yi zai bi ƙananan hukumomi ya taimaka wa ƙungiyoyin unguwa su yi rajista, ya riƙa shirya gasar yara 'yan ƙasa da shekara 15 da 17, ya rubuta shekarun haihuwa na gaskiya. Hakan ba sadaka ba ce, jari ne da zai dawo wa kulob da ƙauye tare. Babu ɗan wasan gaba da zai yi wannan aiki. Manaja ne ke yinsa.

Da me za a auna shi?

Teburin gasa ma'auni ne, amma yana iya yin ƙarya a kaka ɗaya. Akwai tambayoyin da suka fi shi faɗin gaskiya, kuma duk mai biyan haraji a Kano yana da haƙƙin yin su, kamar yadda na Katsina ke da haƙƙin yi wa shugabannin Katsina United.

Shin ana biyan albashi da alawus a kan lokaci? Nawa gwamnati ta bai wa kulob a shekara, nawa kulob ya samo da kansa, kuma an buga wannan lissafi inda jama'a za su gani? 'Yan wasa nawa aka sayar, a kan nawa, kuɗin ya shiga wane asusu? Yara nawa suka haura daga ƙaramar tawaga zuwa babba? Waɗanda suka kutsa fili suka doki alƙali, an gano su an hana su shiga, ko an bar su saboda suna da uwa a gindin murhu? Kuma mafi muhimmanci, an yi wa kulob ɗin tsarin da zai tsaya da ƙafarsa idan gwamnati ta sauya bayan zaɓen 2027?

Wasu daga cikin amsoshin suna hannun Ahmed Musa, da yawansu kuma suna hannun waɗanda suka naɗa shi. Idan an kawo shi ne don a ɗauki hoto da shi, sunansa zai zama garkuwar da za a riƙa ɓoye gazawar tsari a bayanta, kuma ranar da aka gaji da shi za a ce ƙwallo ya iya, ba mulki ba. Idan kuwa an ba shi kasafi bayyananne, da wa'adi, da ikon ɗauka da sallama, to Kano na iya zama wurin da za a gwada ko kulob ɗin gwamnati zai iya tafiya kamar kamfani. Magoya bayan da ke rera kirari a Ƙofar Mata su ne suka fi kowa ikon matsa wa gwamnati ta zaɓi hanya ta biyu, domin kuɗinsu ne, ƙuri'arsu ce, kulob ɗin ma nasu ne.